Awa Biyu Daga Hamburg Zuwa Helsinki

Doha, 9 ga Afrilu, 2020

Zuwa ga Kawu Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri, zan fara da abin da na gani yau da safe kafin in yi gaisuwa, don tun ɗazu yake raina. Motar kamfani ta sauke mu a filin jirgi ƙarfe shida saura. Da na hau bene na leƙa ta gilashi, sai ga jirage a jere a bayan fili, an ɗaure wa kowanne bakin inji da jan leda kamar yadda ake rufe bakin tulu. Na ƙirga talatin da ɗaya, na gaji na bari. Wata tsuntsuwa ta sauka a kan fiffiken ɗaya, ta daɗe tana gyaran gashinta, ba wanda ya kore ta. Shekara uku ke nan ina tura keken marasa lafiya a wannan wuri, ban taɓa jin ƙarar takalmina ba sai yau. Fasinja biyu na tura tun safe har azahar.

Bayan haka ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya sanyi, yaya kunnen? Ni lafiya lau nake, mu shida ne a ɗakinmu na unguwar Abu Hamour kuma har yanzu ba wanda ya yi tari. Umma ma lafiya, ta ce in gaishe ka. Ta ce ko da kakanninku ne wa da ƙani, ita dai ba ta san ina da wani kawu ba in ba kai ba.

Na san waya ba ta yi maka amfani tunda ba ka jin abin da ake faɗa. Shi ya sa na rubuta a takarda na ɗauki hotonta, zan tura wa Adisa maƙwabciyarka ta nuna maka. Ka yi haƙuri da rubutun, a aji shida na tsaya.

Umma ta ce ka tambaya ko na san nisan da ke tsakaninka da Mansur yanzu da aka rufe hanyoyi. Na tambayi Manasseh, wani ɗan Kafanchan da ke tuƙa 'yar motar lantarki ta ɗaukar tsofaffi a nan ciki, muka duba tare a wayarsa. Daga filin jirgin Hamburg zuwa na Helsinki kilomita dubu ɗaya da ɗari da saba'in ne, ko kusa da haka. A sama awa biyu ne. Bai ma kai Funtuwa zuwa Kano a motar haya ba, in direba ya tsaya cin abinci a Malumfashi. Don haka ka kwantar da hankalinka, ɗanka yana kusa.

Naka,
Nasidi

Hamburg, 17 ga Mayu, 2020

Nasidi,

Wa alaikas salam. Takardarka ta iso. Sai da Adisa ta ware hoton da yatsu biyu kafin na gane inda baƙi ya tsaya da inda ya tashi. Amma na karanta har sau biyu, don ba ni da abin yi. Yaya shan ruwa? Azumin nan awa goma sha takwas muke yi, ka daina kukan zafin Doha.

Kunne yana nan yadda injin tashar jirgin ruwa ya bar shi. Da ina duba bakin mutum in gane rabin maganarsa. Yanzu kowa ya ɗaure baki da takunkumi, na zama kamar tukunya a tsakar ɗaki. Jiya mai kanti ta yi mini magana sau uku, na ce mata amin.

Mansur yana rubuto mini ta waya. Ba a tsayar da bas ɗin da yake tuƙawa ba, kullum yana hanya da mutane. Na ce ya riƙa buɗe taga, ya ce Baba ka san sanyin garin nan kuwa? Na ce ban sani ba kuma ba na son sani. Ya dame ni in zo in ga ɗakinsa. In an buɗe hanya zan je, tunda ka ce awa biyu ne.

Ƙanwata Safiyyatu tana gaya wa mutane a Funtuwa cewa kai kake ba jirage izinin tashi. Ban ƙaryata ta ba. Ka riƙe aikinka, ka riƙa wanke hannu, ka gaishe da uwarka.

Kawunka,
Ɗayyabu

Doha, Laraba 13 ga Janairu, 2021

Kawu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Mansur, Ya sa cutar da ya sha ta zama kaffara, Ya ba ka haƙuri. Ban san abin da zan ce ba, don haka bari in faɗi abin da ake buƙata.

Adisa ta ba ni lambar Malam Yusif, limamin da Mansur ke salla a bayansa a Helsinki. Mutumin Kumasi ne, Hausarsa ta fi tawa. Mun yi magana yau a lokacin hutuna. Ya ce masu kula da maƙabarta sun ba su zaɓi biyu, ko jibi Juma'a ƙarfe ɗaya na rana, ko Talata mai zuwa. Ƙasa ta daskare, da mota ake haƙa, kuma rabin awa ake ba kowace jana'iza, mutum goma kawai. Ya ce shi ransa ba ya son gawa ta ƙara kwana huɗu a firji, tun Litinin take can. Amma ba zai binne ɗa ba uba yana hanya. Ya ce tunda ni ma'aikacin filin jirgi ne, in gaya masa lokacin da za ka sauka, shi zai zaɓa.

Adisa ta ce sakamakon gwajinka na korona sai gobe da yamma, kuma jirgin da ta samo maka zai tashi ranar Juma'a ƙarfe tara da minti arba'in na safe. Na lissafa. Awa biyu a sama, za ka sauka sha biyu saura minti ashirin. Daga filin jirgi zuwa maƙabarta minti arba'in ne a tasi, in ji Malam. Ko an tsayar da kai duba takardu, kana da saura. Na ce masa ya karɓi Juma'a.

Ka sa kaya masu nauyi. Ka ajiye takardar gwaji da ta asibiti a aljihun gaba, kada ka sa su a jaka. Ka nemi kujerar kusa da ƙofa. Sunan maƙabartar na rubuta da manyan baƙaƙe a ƙasa, ka nuna wa direba kawai.

Allah Ya kai ka lafiya.
Nasidi

Doha, 6 ga Fabrairu, 2021

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina ƙara yi maka ta'aziyya. Ya ƙarin haƙuri? Yau kwana ashirin da biyu ban ji daga gare ka ba. Adisa ta ce ka dawo, kana cin abinci kaɗan, ta kuma ce ta nuna maka saƙonnina.

Malam Yusif ya gaya mini abin da ya faru. Ya ce sun jira ka minti ashirin a tsaye cikin ƙanƙara, suna kiran wayarka, har mai motar haƙa ya nuna musu agogo. Ya ce bai zarge ni ba. Ni na san inda abin ya fito.

Agogon Helsinki yana gaba da na Hamburg da awa ɗaya. Ban sani ba. Na san Doha tana gaba da gida da awa biyu, kullum da shi nake kiran Umma. Amma tun ina yaro Turai nake ji ana faɗa, wane ya tafi Turai, wane ya dawo daga Turai. Na ɗauka wuri ɗaya ne mai agogo ɗaya, kamar yadda Sakkwato da Maiduguri ke kan lokaci ɗaya duk nisansu. Da na ce Adisa ta turo mini hoton tikitin, da na ga lokacin sauka a rubuce. Ban ce ba. Malam ya ce mini ma'aikacin filin jirgi, sai na ji kunyar in ce bari in tambaya. Manasseh yana nan kusa da ni a ranar, taku goma ne tsakaninmu.

Yanzu in na wuce babban allon da ke nuna tashi da saukar jirage, sai in tsaya in duba. Ashe kullum yana nan a rubuce a ƙasan allon cewa kowane lokaci na garin da ake ne. Shekara huɗu ina wucewa ta gabansa.

Inna Safiyyatu ta je gidanmu ta faɗa wa Umma maganganu. Ban ga laifinta ba. Ni dai roƙonka nake ka yafe mini. In ba za ka iya yanzu ba, zan jira.

Nasidi

Hamburg, 20 ga Yuni, 2021

Nasidi,

Salam. Ina lafiya. Ƙafar hagu ta fara ja, likita ya ce jini ne.

Ka rubuto sau huɗu kana faɗin abu ɗaya. To ga abin da ba ka sani ba. Da muka sauka, agogon hannuna ya ce sha biyu saura kwata. Ban yi sauri ba. Na shiga bayi na yi alwala a hankali, don in isa da tsarki. Har safa na cire na wanke ƙafa. Sai da na shiga layin duba takardu na ga agogon bango ya ce ɗaya da 'yan mintuna. Na ce a raina agogon mutanen nan ya lalace. Na nuna wa wani ɗan sanda, ya duba nawa, ya duba na bango, ya faɗi wani abu a cikin takunkumi.

Da na isa, na tarar da Malam Yusif shi kaɗai yana jirana a bakin ƙofa. Ya kai ni. Ƙasa ce baƙa a tsakiyar farar ƙanƙara, da sawun tayar mota a gefe. Na yi masa salla a kan kabari, ni da Malam. Daga nan aka kai ni ɗakinsa in kwashe kaya. Ɗaki ne mai kyau. Akwai katifa ta biyu a jingine a bayan ƙofa, ledarta ma ba a cire ba.

Ba na son in ƙara ganin takardarka a kan wannan magana.

Ɗayyabu

Hamburg, 14 ga Nuwamba, 2022

Nasidi,

Salam. Zan koma gida gaba ɗaya. Ƙafar ta daina ɗaukata, kuma ba na son a haƙa mini da mota.

Ta Doha zan bi. Daga Frankfurt zan taso, in sauka wajenku ranar Talata 29 ga wata da safe, in canza jirgi zuwa Kano. An rubuta musu ina buƙatar keke. Adisa za ta turo maka hoton tikitin duka, gaba da baya. Kada ka lissafa komai.

An ce garinku ya cika da 'yan ƙwallo. In kana da hali ka zo. In babu, wani zai tura ni.

Ɗayyabu

Funtuwa, 14 ga Disamba, 2022

Nasidi,

Bayan sallama, ina sanar da kai cewa Allah Ya yi wa yayana Ɗayyabu rasuwa ranar Asabar da hantsi, an kai shi bayan azahar. Kwana uku da isowarsa harshensa ya yi nauyi, bai ƙara magana ba. Kafin nan ma ban ji ya ambaci sunanka ba ko sau ɗaya.

Uwarka ta zo gaisuwa, na karɓa don Allah. Ta ce wai kun haɗu a filin jirgi. Ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne ya tafi da abin nan a ransa, mutumin da bai ga fuskar ɗansa ba, bai zuba masa ƙasa ba. Kuma shekara ɗaya da rabi ko gaisuwa ba ka aika masa ba, Adisa ce ta faɗa. Tsakaninka da shi sai a can.

Safiyyatu

Doha, 19 ga Disamba, 2022

Inna Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Ina yi miki ta'aziyyar Kawu. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da Mansur a Aljanna, Ya ba ki haƙuri. Ya jikin naki, ya mutanen gida? Umma ta ce tun ranar da ta dawo daga wajenki ba ta iya cin abinci sosai. Don ita nake wannan rubutu, da kuma don ki san yadda aka yi.

Gaskiya ne na daina rubuta masa. Ya ce ba ya son ganin takardata a kan maganar Mansur. Ni kuma duk lokacin da na ɗauki biro, ba ni da wata maganar. Sai na ɗauka ya sallame ni ne, na yi shiru don kada in ƙara masa.

Ranar da zai wuce ba ni ke da wannan ɓangaren ba. Na roƙi shugabanmu, na ba da hutuna na Juma'a biyu aka sa ni. Jirginsu ya makara saboda ƙanƙara, minti hamsin suka rage masa ya kama na Kano, kuma ƙofar tana can ɗaya ƙarshen ginin. Rabona da shi tun ina ɗan shekara goma sha biyu, ranar bikin 'yarki Bilqis. Aka fito da shi na ƙarshe. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Ya kama katin da ke wuyana ya jawo kusa da ido ya karanta, ya ce, “To, tura.”

Inna, ban taɓa ganin cunkoso irin na ranar ba. Mutanen Meksiko da manyan malafuna, 'yan Maroko da ganguna, wasu sun kwanta a ƙasa sun rufa da tuta. Manasseh ya zo da motarsa zai ɗauke mu, ta kasa motsi cikin mutane, sai ya sauka ya shiga gabanmu yana buɗe hanya da hannu. Ina bayan keken ina ta cewa Kawu ka yafe mini, Kawu ka yafe mini. Ba ya ji, kuma ba ya ganin bakina. Rediyon da ke kafaɗata sai faɗi take da Larabci, yalla, yalla, a yi sauri, za a rufe ƙofa.

Saura kaɗan mu isa, sai ya ja birkin keken da kansa. Na kusa faɗawa kansa. Ya ce, “Zagayo nan.” Kin san yadda yake magana da ƙarfi saboda kunnen. Na zagayo na durƙusa.

Ya ce, “Me ya sa ka daina rubutu?”

Na ce, “Ka ce ba ka so.”

Ya ce, “A kan wannan magana na ce. Ba ka da labarin jirage? Ba ka da labarin tsofaffin da kake turawa? Kullum sai na tambayi Adisa, har ta fara ɓuya.”

Na ce, “Kawu, za a rufe ƙofa.”

Ya ce, “Su rufe.” Ya dubi wasu yara da ke buga ƙwallo da kwalbar ruwa. Sannan ya ce, “Shekara talatin da huɗu ina Hamburg ban san agogon Helsinki daban ne ba. Ka san dalili? Ban taɓa zuwa ba. Shekara shida yaron nan yana kirana. Sau biyu ya saya mini tikiti tun kafin cutar nan, na ce sanyi. Kai awa ɗaya ka ɓata. Ni na fi jin daɗin in ji haushinka, shi ya sa na ƙyale ka kana ta roƙo.”

Na ce, “Duk da haka ni na ce Juma'a.”

Ya ce, “Maimaita, ban gani ba.” Na maimaita. Ya ce, “Kai ka ce. Na kuwa yafe maka, duniya da lahira. Ka ji ko in ƙara?” Manasseh ya ce, “Baba, har mutanen Meksiko sun ji.” Bai san abin da Manasseh ya faɗa ba, amma ya ga muna dariya, shi ma ya yi.

Daga nan ya ce in gaya masa ƙarfe nawa zai sauka Kano. Na ce ba zan faɗa ba. Na ciro tikitin daga aljihunsa na ɗora yatsa a kan wurin, ya karanta da kansa. Ya saki birki. Mu ne na ƙarshe da suka shiga. Na ɗaga shi na zaunar a kujerarsa, na ɗaura masa bel, ya dafa kaina, ma'aikaciyar jirgi ta ce in fita. Ban ƙara ganinsa ba. Na rubuta masa takarda a ranar, duk labarin tsofaffi ne, na tura wa Bilqis ta nuna masa. Ban sani ba ko ya samu gani.

Ban san abin da ya hana shi gaya miki ba. Wataƙila ya ɗauka akwai sauran lokaci. Ba na ce ki yarda da maganata ni kaɗai ba, tunda an taɓa yarda da ita aka yi nadama. Mutum biyu masu jin Hausa suna wurin. Akwai Manasseh Bulus, ɗan Kafanchan, shi ke riƙe da jakar Kawu a lokacin. Akwai kuma Sanatu, wata mata daga zangon Tamale da ke goge ƙasa a wajen ƙofar, ba ta san ni ba kafin ranar, ta ajiye sandar gugarta ta ce amin. Lambobinsu suna ƙasan wannan takarda. Dukansu sun ce ki kira.

Ɗanki,
Nasidi